Yadda Ake Kwatanta Katin Hoto na Kwamfuta Kafin Saye: Jagora ga Ma'aikata da Masu Sana'a a Arlit da Akokan

Gabatarwa

Garin Arlit, wanda yake kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, an kafa shi ne a ƙarshen shekarun 1960 saboda haƙar ƙarfen yuraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ma'adinin a 1971, kamfanin COMINAK kuma ya biyo baya a Akokan a 1978. A ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar COMINAK, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aikinsu. A watan Yunin 2025 kuma gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da SOMAÏR hannun ƙasa. Waɗannan sauye-sauye sun sa dole mutanen yankin su ƙara dogaro da kansu, ko dai ta hanyar buɗe ƙananan sana'o'i, ko ta hanyar ɗaukar ayyukan ƙwararru waɗanda a da baƙi ne suke yinsu.

Da yawa daga cikin irin waɗannan ayyuka suna bukatar kwamfuta: shagon buga takardu, ɗakin ɗaukar hoto, haɗa bidiyon biki, zanen gini, awon fili, da zana taswirar ƙasa. Wanda ya je sayen kwamfuta kuwa, cikin abubuwan da mai shago zai fara yi masa talla da su akwai katin hoto, wanda masu gyara a Nijar suka fi sani da sunansa na Faransanci, wato kart girafik. Sau da yawa wannan kati shi ne ya fi komai tsada a cikin na'urar, shi ne ya fi shan wuta, kuma shi ne ya fi fitar da zafi. Kuskure wajen zaɓensa yana iya cinye jarin mutum ko kuɗin ƙungiya, kuma mayar da kaya daga Arlit zuwa Yamai ko Kano ba ƙaramar tafiya ba ce. Wannan bayani zai nuna yadda ake karanta alƙaluman da aka rubuta a kwalin kati, yadda ake kwatanta wani da wani, da kuma yadda yanayin Arlit yake canza lissafin.

Mene ne katin hoto?

Duk abin da ake gani a allon kwamfuta an haɗa shi ne da ƙananan ɗigo masu launi. Allon da aka fi amfani da shi a ofisoshi yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600, kuma ana sabunta su sau 60 a kowace daƙiƙa. Allon da ake kira 4K yana da ninki huɗu na wannan adadi. Aikin katin hoto shi ne lissafa launin kowane ɗigo cikin wannan ɗan lokaci.

Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, tana da ƙwayoyin lissafi kaɗan amma masu ƙarfi, kowace tana iya aiki mai sarƙaƙiya. Katin hoto kuwa yana da ɗaruruwa ko dubban ƙananan ƙwayoyi, kowace tana yin lissafi mai sauƙi, amma duk a lokaci guda. Ana iya kwatanta na farko da injiniyoyi takwas, na biyu kuma da leburori dubu uku. Idan tsara mahaƙa ake so, injiniyoyi ake nema. Idan kwashe yashi ne, yawan hannu ya fi amfani.

Katin hoto iri biyu ne. Akwai na cikin furosesa, wanda yake zuwa a haɗe da ita, kamar Intel UHD da Iris Xe, ko Radeon da ke cikin wasu furosesan Ryzen. Ba shi da ma'ajiyar kansa, daga ta kwamfutar yake ara. Akwai kuma kati mai zaman kansa, wanda ake sakawa a wani rami na musamman a jikin babban farantin kwamfuta, yana da ma'ajiyarsa da fankarsa. Kamfanoni uku ne suke ƙera ƙwaƙwalwar irin wannan kati: Nvidia, wanda aka kafa a Amurka a 1993, AMD, wanda ya sayi kamfanin ATI na Kanada a 2006, da Intel, wanda ya shigo wannan kasuwa da katinsa mai suna Arc a 2022. Sunayen da ake gani a kwali kamar Asus, MSI, Gigabyte, Zotac ko Sapphire, na kamfanonin da suke harhaɗa katin ne, su sa masa fanka da murfi.

Tambaya ta farko: shin ana bukatarsa?

Kafin a kwatanta kati da kati, ya kamata a tabbatar ko aikin yana bukatar kati mai zaman kansa. Ayyuka da dama ba sa bukatarsa ko kaɗan. Rubuta wasiƙa, lissafin kuɗi, shiga intanet, kallon bidiyo, koyar da ɗalibai da rajistar marasa lafiya, duk katin cikin furosesa yana yinsu ba tare da matsala ba. Hatta manhajar taswira ta QGIS, wadda kyauta ce, ta fi dogara ga furosesa da ma'ajiyar aiki idan taswirar shimfiɗe ake zanawa. Makaranta ko ƙungiyar da take da kuɗi kaɗan za ta fi cin riba idan ta ƙara ma'ajiyar aiki, ko ta sayi rumbun ajiya mai sauri irin SSD, a maimakon katin hoto.

Akwai wata dabara mai arha da take ƙara wa katin cikin furosesa ƙarfi. Idan aka sa sandar ma'ajiya guda ɗaya ta DDR4-3200, tana jigilar bayanai gigabait 25.6 a daƙiƙa. Idan aka sa guda biyu iri ɗaya a ramukan da suka dace, adadin yana komawa 51.2. Saboda haka sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai gigabait 16 amfani ga irin wannan kwamfuta.

Ayyukan da suke bukatar kati mai zaman kansa su ne: siffanta ƙarƙashin ƙasa da ramukan bincike cikin fuska uku, kamar yadda ake yi da manhajojin Surpac, Datamine ko Leapfrog; haɗa ɗaruruwan hotunan da jirgi maras matuƙi ya ɗauka su zama taswira, da manhaja irin Metashape; zane mai fuska uku da Blender; haɗa bidiyo mai nauyi da DaVinci Resolve ko Premiere; wasannin kwamfuta na zamani; da gudanar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kan na'urar mutum. Ɗalibin makarantar ma'adinai ta EMAÏR ko na Jami'ar Agadas zai yi kyau ya fara tambayar malamansa manhajar da za a yi aiki da ita, sannan ya duba abin da masu manhajar suka rubuta cewa tana bukata.

Abubuwa biyar da ake dubawa

1. Suna da zamani. Lambar kati tana da kashi biyu. A cikin RTX 3060, lamba 30 tana nuna zamanin da aka ƙera shi, lamba 60 kuma tana nuna matsayinsa a cikin 'yan'uwansa: 50 ƙarami, 60 matsakaici, 70 da 80 manya, 90 mafi girma. Don haka babbar lamba ba kullum take nufin ƙarfi ba. Katin GTX 1080 Ti na 2017 ya fi RTX 3050 na 2022 sauri, domin shi babba ne a zamaninsa, wancan kuwa ƙarami ne a nasa.

2. Girman ma'ajiya. Ana rubuta shi da haruffan GB, wato gigabait. Ma'ajiya kamar teburin aiki take: idan aikin ya fi ƙarfin teburin, dole a riƙa kwashewa ana ɗorawa, sai komai ya yi nauyi. Amma idan aikin ya shiga, ƙarin faɗin tebur ba ya ƙara sauri. A nan ne ake yawan ruɗar masu saye. Akwai katin GT 730 mai gigabait 4, amma GT 1030 mai gigabait 2 irin GDDR5 ya fi shi sauri nesa ba kusa ba.

3. Saurin jigilar bayanai. Wannan ya danganta da irin ma'ajiyar, wato DDR4, GDDR5, GDDR6 ko GDDR7, da kuma faɗin hanyar da take bi, wanda ake aunawa da bit. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba faɗin hanyar gida 8, a ninka da saurin ma'ajiyar. Misali, RTX 3060 yana da hanya mai bit 192 da ma'ajiya mai saurin 15. Idan aka raba 192 gida 8 za a sami 24, idan aka ninka da 15 za a sami gigabait 360 a daƙiƙa.

4. Yawan ƙwayoyin lissafi. Ana iya kwatanta wannan adadi ne kawai tsakanin katuna na kamfani ɗaya kuma na zamani ɗaya. Katin RX 580 na 2017 yana da ƙwayoyi 2,304, RX 6600 na 2021 kuma yana da 1,792 kacal. Duk da haka na biyun ya fi na farkon sauri sosai, kuma ya fi shi ƙarancin shan wuta, domin ƙirar ƙwayoyinsa sabuwa ce.

5. Shan wuta. Ana rubuta shi da harafin W, wato wat. Kusan duk wutar da kati ya sha, zafi take komawa. Ga mazaunin Arlit, wannan adadi yana da muhimmanci kamar sauri, wani lokaci ma ya fi shi.

Kwatancin wasu katuna da aka fi sani

Ga jerin wasu katuna, tare da shekarar fitowarsu, girman ma'ajiya, saurin jigilar bayanai a daƙiƙa, da wutar da suke sha idan suna cikakken aiki:

- GeForce GT 1030 mai GDDR5: 2017, gigabait 2, jigila 48, wat 30.
- GeForce GT 1030 mai DDR4: 2018, gigabait 2, jigila kimanin 17, wat 20.
- Radeon RX 580: 2017, gigabait 8, jigila 256, wat 185.
- GeForce GTX 1650: 2019, gigabait 4, jigila 128, wat 75.
- Radeon RX 6600: 2021, gigabait 8, jigila 224, wat 132.
- GeForce RTX 3060: 2021, gigabait 12, jigila 360, wat 170.
- RTX A2000 na ƙwararru: 2021, gigabait 6 ko 12, jigila 288, wat 70.
- GeForce RTX 4060: 2023, gigabait 8, jigila 272, wat 115.
- GeForce RTX 3050 ƙarami: 2024, gigabait 6, jigila 168, wat 70.
- Intel Arc B580: 2024, gigabait 12, jigila 456, wat 190.
- GeForce RTX 5060: 2025, gigabait 8, jigila 448, wat 145.
- GeForce RTX 5090: 2025, gigabait 32, jigila 1,792, wat 575.

Abin da jerin yake koyarwa

Darasi na farko shi ne, suna ɗaya ba ya nufin kati ɗaya. GT 1030 guda biyu da suke saman jerin sunansu ɗaya, kwalinsu kusan ɗaya, amma na farkon yana jigilar bayanai kusan ninki uku na na biyun. Haka nan akwai RTX 3060 mai gigabait 8 da aka fitar a 2022, wanda hanyarsa bit 128 ce, jigilarsa kuma 240 a maimakon 360. Akwai kuma RX 580 da ake rubuta wa 2048SP, wanda a gaskiya ƙarfinsa na RX 570 ne. Mai saye ya karanta ƙananan haruffan da ke gefen kwali, kada ya tsaya ga manyan da ke gaba.

Darasi na biyu shi ne, adadi ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. RTX 3060 ya fi RTX 4060 girman ma'ajiya da saurin jigila, amma RTX 4060 ya fi shi sauri a mafi yawan gwaje-gwaje, domin yana da wata ƙaramar ma'ajiya a cikin ƙwaƙwalwarsa mai megabait 24, alhali ta RTX 3060 megabait 3 ce, don haka ba ya yawan zuwa babbar ma'ajiya. Bugu da ƙari, wat 55 ya rage a shan wuta. To amma idan aikin yana bukatar fiye da gigabait 8, kamar babban zane mai fuska uku ko manhajar ƙirƙirarriyar basira, tsohon katin mai gigabait 12 shi ne zai iya ɗauka. Ke nan aikin ne yake zaɓen kati.

Darasi na uku ya shafi masu haɗa bidiyo. Yawancin katuna suna da wani sashe na musamman da yake matse bidiyo cikin sauri a lokacin fitar da shi. GT 1030 ba shi da wannan sashe, haka ma Radeon RX 6400 da RX 6500 XT. Mai ɗakin bidiyo da ya sayi ɗaya daga cikinsu zai ga furosesa ce take ɗaukar nauyin aikin duka.

Darasi na huɗu ya shafi kwamfutar tafi-da-gidanka. Katin da ke cikinta ba daidai yake da mai sunansa na kwamfutar tebur ba, kuma kamfanin da ya ƙera na'urar shi ne yake iyakance wutar da katin zai sha. RTX 4060 na tafi-da-gidanka yana iya kasancewa daga wat 35 zuwa wat 115. Kwamfuta biyu masu kati mai suna ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen sauri. Kuma a yawancinsu ba a iya cire katin a sa wani.

Wutar lantarki

Wutar Arlit da Agadas da Cirozerin ta daɗe tana fitowa daga tashar kamfanin SONICHAR da ke Anu Araren, wadda take ƙona gawayin ƙasa, ta kuma fara aiki a farkon shekarun 1980 da injuna biyu masu ƙarfin megawat 18.8 kowane. Duk wanda ya zauna a yankin ya san ɗaukewar wuta, musamman lokacin bazara, don haka ofisoshi da shaguna da dama suna dogara ga janareta ko farantan hasken rana.

Ga lissafin da ya kamata a yi. Kati mai wat 170 da ya yi cikakken aiki awa 8 zai sha kilowat 1.36 na awa. Mai wat 115 zai sha 0.92, mai wat 70 kuma 0.56. Idan kati yana zaune ba ya aiki mai nauyi, abin da yake sha ya ragu sosai, amma dole a shirya masa bisa mafi yawan abin da zai iya ja. A ɗauki misalin batir mai bolt 12 da amfiya 100. Yana riƙe wat 1,200 na awa, amma idan na ruwan asid ne, rabin wannan kawai ya kamata a yi amfani da shi don kada ya mutu da wuri, wato 600. Kwamfutar da take jan wat 300 gaba ɗaya za ta cinye wannan cikin awa 2. Ƙarama mai katin cikin furosesa da take jan wat 60 za ta kai awa 10, ban da ɗan abin da yake ɓacewa a na'urar juya wuta. Saboda haka kuɗin babban kati bai tsaya ga farashinsa ba, har da na ƙarin batir da faranti.

Sai kuma akwatin raba wuta da ke cikin kwamfutar. Ramin da ake saka kati yana ba da wat 75 kawai. Katin da ya wuce haka yana bukatar ƙarin waya: mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 tana ƙara wat 150. Nvidia ta ba da shawarar akwati mai wat 300 ga GTX 1650, mai wat 550 ga RTX 3060, da mai wat 1,000 ga RTX 5090. Ƙananan kwamfutocin ofis na hannu irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, waɗanda suka cika kasuwanninmu, akwatinsu yawanci bai kai wat 300 ba, ba su da ƙarin waya, kuma cikinsu ƙunci ne. Sai gajeren kati maras yawan shan wuta ne zai dace da su. Kada a yi amfani da wayar haɗe-haɗe don tilasta wa ƙaramin akwati ɗaukar babban kati, domin yana iya ƙonewa ya tafi da sauran kayan. Haka kuma wajibi ne a sa na'urar riƙe wuta da ake kira UPS, wadda ƙarfinta ya zarce abin da kwamfutar da allonta suke ja.

Zafi da ƙura

Daga watan Afrilu zuwa Yuni zafin rana a Arlit yana wuce digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano kuma yana iya fin haka. Gwaje-gwajen da ake bugawa a Turai da Amurka kuwa ana yinsu ne a ɗakuna masu sanyi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa. A matsayin misali, katin da yake ɗara zafin ɗaki da digiri 45 zai kai 70 a ɗaki mai digiri 25, amma zai kai 87 a ɗaki mai digiri 42. Yawancin katunan Nvidia suna fara rage wa kansu sauri idan sun kai wajen digiri 83 don kare kansu. Ma'anar wannan ita ce, mutum zai iya biyan kuɗin babban kati amma ya sami aikin ƙarami.

Ƙurar hunturu da iskar rairayi suna toshe tsakanin faifan ƙarfen da ke sanyaya kati, su kuma cinye ƙafar fanka. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

- A ɗora kwamfuta a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa ko kusa da ƙofa.
- A zaɓi akwati mai ragar tace ƙura, a riƙa wanke ragar.
- A fifita kati mai fanka biyu a kan mai ɗaya idan akwai wuri.
- A yi ayyuka masu nauyi da sassafe ko da dare.
- A rufe na'urar da zane bayan an kashe ta ta huce, ba lokacin da take aiki ba.
- A rage wa kati iyakar wuta ta manhajar kamfaninsa ko ta MSI Afterburner. Rage kashi 20 cikin ɗari yana rage zafi sosai, saurin da ake rasawa kuwa bai kai haka ba.

Wajen share ƙura akwai abin lura na musamman ga wannan yanki. Tun daga 2003 ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit da cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa suke jan hankali kan ƙurar da ke kewayen mahaƙu da tarin sharar ma'adini. Don haka a fitar da kwamfuta waje, a cire ta daga wuta, a rufe hanci da baki, a yi amfani da famfon iska. Kada a hura da baki. A riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima.

Katin hannu da na jabu

Araha ba ta ado. A shekarun 2017 da 2021 an sayi katuna masu yawa a duniya don haƙar kuɗin intanet, suna aiki dare da rana. Da tsarin Ethereum ya daina amfani da wannan hanya a watan Satumban 2022, sai aka zubo katunan kasuwa, musamman RX 570 da RX 580 da jerin RTX 30. Wasunsu lafiyarsu lau, wasu kuwa fankarsu ta gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyi ya bushe.

Akwai kuma na jabu. Ana ɗaukar tsohon kati irin GTS 450, a canza masa bayanin ciki ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Kwamfuta za ta rubuta sunan da aka sa masa, amma da an ba shi aiki mai nauyi sai ya tsaya. Wata alama ita ce shuɗin ramin VGA: tun daga jerin GTX 10 na 2016 aka daina sa shi a irin waɗannan katuna, don haka ganinsa a jikin GTX 1050 Ti abin zargi ne.

A duba kuma ko kamfani yana ci gaba da fitar wa katin direba, wato manhajar da take haɗa shi da kwamfuta. Nvidia ta daina sabunta cikakken direban yawancin jerin GTX 600 da 700 a 2021, ta kuma yi haka ga jerin 900 da 10 a ƙarshen 2025, sai gyaran tsaro kawai. Tsohon kati zai ci gaba da aiki, amma sababbin manhajoji suna iya ƙin karɓarsa. Katin Intel Arc kuwa yana bukatar wani saiti da ake kira Resizable BAR, wanda tsofaffin kwamfutoci ba su da shi, don haka ba ya ba da cikakken ƙarfinsa a cikinsu.

Gwaji kafin biya

Gani ya kori ji. Duk wanda zai sayi kati, ko aka aika shi Yamai, Kano ko Tamanrasat ya sayo wa wani, ya bi waɗannan matakai a gaban mai shago:

1. A saka katin a kwamfuta, a buɗe manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce. Tana nuna ainihin ƙwaƙwalwa, irin ma'ajiya da faɗin hanya, kuma tana yi wa katunan jabu da yawa alama. A kwatanta abin da ta nuna da abin da ke shafin kamfanin.
2. A ba katin aiki mai nauyi na minti 15 zuwa 20 da manhajar FurMark ko Unigine Superposition, ana kallon zafinsa.
3. A lura da allo. Ɗigo masu launi, layuka, ko ɗaukewar hoto alamar ma'ajiya ce da ta lalace.
4. A saurari fanka, a tabbatar duka suna juyawa ba tare da ƙara ba.
5. A gwada kowane ramin waya. Idan allon ofis ko majigin makaranta na VGA ne, a sayi mahaɗi tun a can.
6. A auna tsawon katin da faɗin cikin akwatin kwamfutar da zai shiga.
7. A karɓi rasit mai lambar katin da kwanakin da aka amince a mayar da shi.

Idan zai yiwu, a tafi da ainihin aikin da za a riƙa yi a cikin filas, kamar bidiyo ko taswira, a gwada a gani. Wannan ya fi kowane adadi da aka buga a kwali faɗin gaskiya.

Shawara bisa irin aiki

Ga ofis, makaranta, asibiti da shagon buga takardu, katin cikin furosesa da sandar ma'ajiya biyu ya wadatar. Ga ɗakin hoto da ƙaramin aikin bidiyo a kan tsohuwar kwamfuta, kati mai wat 75 ko ƙasa, kamar GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6, ya fi dacewa. Ga mai haɗa bidiyo kullum ko mai gidan wasan kwamfuta, RX 6600, RTX 4060 ko RTX 5060 suna ba da ƙarfi mai kyau ba tare da yawan zafi ba. Ga mai awon ƙasa da injiniyan ma'adinai, a nemi ma'ajiya gigabait 12 ko fiye, a kuma duba jerin katunan da masu manhajar suka amince da su. RTX A2000 ya dace da wurin da wuta take ƙaranci, domin wat 70 yake sha kuma ba ya bukatar ƙarin waya. Manyan katuna masu wat 450 zuwa 575 kuwa sai wurin da ake da na'urar sanyaya ɗaki da wuta tsayayya.

Kammalawa

Hausawa suna cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida. Nagari a nan shi ne katin da ya iya aikin da aka saye shi dominsa, wanda akwatin wuta da batir za su iya ɗauka, kuma wanda zai jure bazarar Arlit. Kafin a fitar da kuɗi, a rubuta amsar tambayoyi huɗu a takarda: wace manhaja za a yi aiki da ita, gigabait nawa take bukata, wat nawa ake da shi, kuma zafin ɗakin yana kai digiri nawa a watan Mayu. Ƙungiyoyi da makarantu su ajiye wannan takarda tare da rasit da sakamakon gwaji, domin wanda zai gaji aikin ya san dalilin zaɓen da aka yi da kuma lokacin da ya kamata a sake dubawa.